Wa Ya Rufe Bakin Ƙararrawa? Sharhi Kan Yadda Dokoki Ke Cin Karo a Manhajojin Sa Ido

A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab, inda ɗimbin masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Ya ɗauka yana kan sabar da ke riƙe da kwafi ne, ashe yana kan uwar ce. Irin wannan kuskure yana faruwa, shi ya sa ake ajiye kwafi kullum. Da aka je ɗauko kwafin sai aka tarar da wayam. Aikin da ke yin kwafin yana ta faɗuwa, saboda manhajar da ke kwafewa tsohuwar siga ce, ba ta dace da sigar rumbun ba. Kuma duk sanda ya faɗi yakan aika imel na gargaɗi, kamar yadda aka umarce shi. To amma kamfanin yana amfani da wani tsari mai suna DMARC, wanda ke sa a ƙi karɓar duk imel ɗin da ya zo da sunan kamfanin ba tare da shaidar cewa daga can ya fito ba. Saƙonnin gargaɗin ba su da wannan shaida, sai aka riƙa korarsu tun daga bakin ƙofa. A ƙarshe aikin jama'a na kimanin awa shida ya salwanta.

Duba dokokin nan biyu da kyau. Wadda ta ce a aika imel idan aiki ya faɗi, daidai take. Wadda ta ce kada a karɓi imel mara shaida, ita ma daidai take. Ɓarnar ta ɓullo ne a mahaɗarsu, wurin da babu wanda ya zauna ya tsara, babu kuma wanda aka ɗora wa dubawa. Wannan mahaɗa ita ce batun wannan sharhi, domin a ganina ita ce wurin da ya fi ko'ina haɗari a duk manhajar sa ido, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Abin da ke kwarara cikin ɗakin sa ido

Duk kamfanin sadarwa, banki ko cibiyar adana bayanai yana da ɗaki, ko aƙalla allo, da ake lura da na'urorinsa dare da rana. Abin da ke shigowa nan gajerun saƙonni ne masu cewa wani abu ya canza: layi ya katse, faifai ya kusa cika, saba ta ɗauki zafi, wani ya yi ta gwada kalmar sirri ba ta shiga ba. Wasu suna zuwa ta syslog, tsarin da Eric Allman ya ƙirƙiro a shekarun 1980, wanda kusan kowace na'ura ke rubuta labarin kanta da shi. Wasu ta SNMP, wanda ya fito a 1988, inda rauta, wato na'urar da ke rarraba zirga-zirgar bayanai, ke jefo saƙo da kanta idan wani abu ya same ta. Wasu kuma manhajar sa ido ce ke samar da su, ta hanyar ƙwanƙwasa wa kowace na'ura ƙofa bayan 'yan mintuna don ta ji ko tana nan da rai. Nagios, wadda Ethan Galstad ya fara fitarwa a 1999, da Zabbix ta Alexei Vladishev daga Latbiya, da Prometheus da aka ƙirƙira a kamfanin SoundCloud a 2012, suna cikin sanannun masu wannan aiki. A manyan kamfanoni kuma akwai irin su Netcool, wadda IBM ya mallaka a 2006, da manhajojin kamfanin BMC.

Babbar damuwa yawa ce. Rauta ɗaya ta faɗi, na'urori ɗari biyu da ke bayanta su ɓace daga gani, kowacce ta haifar da nata saƙo, kowane saƙo ya maimaita kansa. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, masu hulɗa da banki suka ji a jikinsu. A rana irin wannan sanadin yana can ƙarƙashin ruwa, amma duk na'urar da ta dogara da hanyar tana da kukan da za ta yi.

Masana'antu sun riga masu kwamfuta koyon wannan darasi. A matatar mai ta Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya, ranar 24 ga Yuli 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 a cikin minti 11 na ƙarshe kafin wurin ya fashe. Bayan haka ne, a 1999, aka fitar da jagorar EEMUA 191, wadda ta nuna cewa a lokacin lafiya bai kamata mutum ɗaya ya wuce ƙararrawa ɗaya cikin minti goma ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Don haka ake jera dokoki tsakanin na'ura da kunnen injiniya. Akwai mai tankaɗe, wadda ke zubar da saƙon da ba shi da amfani. Akwai mai cike bayani, wadda ke leƙa rajistar kayan kamfani ta ƙara wa saƙo sunan reshe, sunan sashen da ke kula da na'urar da kuma muhimmancinta. Akwai mai haɗe maimaici, wadda ke mayar da saƙo dubu iri ɗaya layi guda da lamba a gefe. Akwai mai dangantawa, wadda ke gane cewa wannan uwa ce wancan ɗa ne, ko kuwa wannan saƙon warkewar wancan ne. Akwai mai rufe baki, wadda ke hana kira a lokacin gyara. Akwai mai rarrabawa, wadda ke zaɓen wanda za a kira, ta kuma ɗaukaka ƙara zuwa na sama idan bai amsa ba. A ƙarshe akwai mai ɗaukar mataki da kanta, kamar sake kunna aikin da ya tsaya.

Ba mutum ɗaya ke rubuta waɗannan ba, ba kuma a shekara ɗaya ba. Masu kula da hanyar sadarwa su sa tasu bayan wani dare da aka hana su barci. Masu rumbun bayanai su sa tasu bayan wani bincike. Mai tsaro ya ƙara tasa. Wasu daga cikin marubutan sun bar aikin tuni. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna girman abin: dokoki 20 suna da mahaɗa 190 idan an ɗauke su bibbiyu, dokoki 100 suna da 4,950. Dokoki biyar kacal ana iya jera su ta hanya 120.

Kowace manhaja da mazhabarta

Wanda ya zauna a zauren karatu ya san wannan tambaya ba baƙuwa ba ce. Malaman usulul fiƙihu sun ware babi guda kan abin da za a yi idan hujjoji biyu suka yi kamar sun ci karo: ko a haɗa su a yi aiki da duka, ko a duba wadda ta zo daga baya, ko a rinjayar da ɗaya, kuma keɓantacce yakan taƙaita gamamme. Sun gane cewa tarin hukunce-hukunce bai wadatar ba sai da ƙa'idar da ke hukunta haɗuwarsu. Manhajojin sa ido ma suna da irin wannan ƙa'ida, sai dai kowacce da hanyar da ta bi.

Hanya ta farko ita ce wadda ta riga ta ci. A Alertmanager, abokiyar aikin Prometheus, ana tsara rarrabawa kamar bishiya. Gargaɗi yana shigowa ta tushe, yana bin rassa daga sama zuwa ƙasa, kuma reshen farko da ya dace da shi nan yake tsayawa, sai in an rubuta ƙarara cewa ya ci gaba. Alfanun wannan hanya shi ne mutum yana iya bin sawun saƙo da yatsa. Illarta kuwa, doka mai faɗi da aka ɗora a sama tana shanye duk na ƙasa da ita. Idan wani ya sa a kan gaba cewa duk gargaɗin da ya fito daga wata cibiya a tura shi imel, to dokar da ke ƙasa mai cewa a buga wa injiniya waya idan rumbun bayanan cibiyar ya tsaya ta mutu, alhali tana nan a rubuce, mai karanta fayil ɗin yana ganinta.

Hanya ta biyu ita ce kowa ya yi nasa. A Zabbix, duk matakin da sharuɗɗansa suka dace da abin da ya auku zai gudana, ba ruwansa da sauran. Da wuya saƙo ya ɓace ta nan, amma mutum ɗaya yana iya samun kira uku a kan matsala ɗaya, ko a buɗe tikiti biyu sassa biyu su yi ta aiki ba su san da juna ba.

Hanya ta uku haɗawa ce. A Nagios, idan dokokin ɗaukaka ƙara biyu suka hau kan juna, ana sanar da mutanen da ke cikin duka biyun, a kuma ɗauki tazarar da ta fi gajarta wajen maimaita kira. Sakamakon sai ya zama wata doka ta uku da babu wanda ya rubuta.

Hanya ta huɗu ita ce lamba da zango. A Netcool kowace doka ta cikin gida tana da lambar fifiko daga 1 zuwa 20, mai lamba 1 ce ke fara gudana. A injin BMC kuwa an raba dokoki zango-zango: gyaran saƙo da cike bayaninsa ne farko, sannan tankaɗe, sannan taƙaita maimaici, dangantawa ta biyo baya, miƙa saƙo gaba kuma yana can wajen ƙarshe. Wannan ta fi tsari, amma tana da nata gibin. Idan dokoki biyu suka sami lamba ɗaya, ko suka faɗo zango ɗaya, lambar ba ta raba gardama ba.

Babu wadda ta fi sauran a kowane hali. Abin tsoro shi ne babban kamfani ba ya amfani da manhaja ɗaya. Saƙo yakan fito daga syslog, ya ratsa wata manhaja mai tarawa, ya faɗa cikin mai dangantawa, ya wuce ga mai kiran waya, ya ƙare a mai buɗe tikiti. Ya bi mazhaba huɗu kafin ya kai kunnen mutum, kuma injiniyan da ya saba da ɗaya yakan ɗauka sauran ma haka suke.

Wurare biyar da ake karo

Na farko shi ne jeri. Mu ɗauka wani banki yana da doka mai cewa a zubar da duk ƙaramin gargaɗi na cikar faifai, da wata mai cewa duk saƙon da ya fito daga sabar da ke sarrafa cirar kuɗi a ɗaga shi zuwa mafi tsanani. Idan mai ɗagawa ta fara, saƙon ya tsira, an kira injiniya. Idan mai zubarwa ta fara, saƙon ya tafi kafin a san daga ina ya fito. Dokokin ba su canza ko harafi ɗaya ba, jerinsu kawai aka juya. Shi ya sa masu tsara injin BMC suka sa cike bayani gaban tankaɗe. Ba a yanke wa baƙo hukunci kafin a tambaye shi ɗan gidan wane ne.

Na biyu shi ne wata doka ta taɓa abin da wata ta dogara da shi. Netcool tana gane maimaici ne ta wani gurbi na shaida: duk saƙon da ya zo da shaida iri ɗaya da na baya, sai a ƙara masa ƙirge maimakon a buɗe sabon layi. Tana kuma haɗa saƙon matsala da na warkewa ta hanyar kwatanta sunan na'ura da rukunin saƙo da makamantansu. Yanzu a ce mai cike bayani tana sauya lambar adireshin na'ura zuwa sunanta, amma an rubuta ta ne don saƙonnin matsala kaɗai. Saƙon warkewa zai zo da lamba, na matsala yana zaune da suna, ba za su taɓa gane juna ba. Allo zai cika da ja na matsalolin da suka wuce tuni, har ma'aikata su daina yarda da ja.

Ko lambar tsanani kanta tarko ce. A syslog matakai takwas ne, daga 0 zuwa 7, kuma 0 ne mafi muni, ma'anarsa na'ura ba ta amfanuwa. A Netcool 5 ne mafi muni, 0 kuwa na nufin an warke, kuma bisa tsarinta na asali takan share irin wannan saƙo bayan kimanin minti biyu. Dole ke nan a sami dokar fassara a tsakani, kuma duk dokar da ke duba lambar tsanani sai an san ko tana gaban mai fassarar ko tana bayanta. Sharaɗin “ya wuce 3” yana da ma'ana biyu masu kishiyantar juna a gefe biyun.

Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne rufe baki a kan rufe baki. Alertmanager tana da manyan hanyoyi biyu na hana kira. Ɗaya mutum ne ke sa ta da hannu na ƙayyadajjen lokaci, kamar sa'ad da za a yi gyara. Ɗayar kuma doka ce mai cewa idan babban gargaɗi yana kunne, a danne ƙananan da ke ƙarƙashinsa. Gargaɗin da aka rufe wa baki da hannu yana nan kunne a idon doka ta biyu, don haka yana ci gaba da danne 'ya'yansa. A lokacin gyara abin da ake so ke nan. Amma a ce an sa shirun awa shida, gyara ya ƙare cikin awa ɗaya, injiniya ya tafi gida, sai rautar ta faɗi da gaske. Uwa ba za ta yi kira ba saboda an rufe mata baki, 'ya'ya ba za su yi ba saboda uwa ta danne su. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai wani lungu a wannan doka ta dannewa wanda takardun manhajar da kansu suka yi kashedi a kai. Ana iya cewa babba ya danne ƙarami idan lakabinsu na reshe ɗaya ne. To idan dukansu biyu ba su da wannan lakabi kwata-kwata, manhajar tana ɗaukarsu a matsayin masu lakabi ɗaya. Ranar da wani sashe ya ƙara sababbin na'urori ya manta da lakabin, babban gargaɗi ɗaya mara lakabi zai iya danne duk ƙanana marasa lakabi, ko da wannan yana gabas wancan yana yamma.

Na huɗu lokaci ne. Kowace doka tana da ɗan jinkirinta mai ma'ana, amma jinkiri yana taruwa. A ɗauki misali: minti ɗaya kafin a auna, minti ɗaya kafin a duba awon, minti goma na tabbatar da cewa matsalar ta zauna, minti biyar na jiran a haɗa gargaɗin da 'yan'uwansa, sai minti goma sha biyar kafin a ɗaukaka ƙara idan na farko barci ya ɗauke shi. Minti 32 ke nan kafin mutum na biyu ya ji, kuma babu wanda ya taɓa zama ya amince da wannan adadi. Haka nan dangantakar uwa da ɗa tsere ce. Idan ana duba ɗa duk minti ɗaya, uwa duk minti biyar, ɗan zai riga uwar kuka, dokar dannewa ta iso bayan an gama tashin mutane.

Wanda ke kula da na'urori a inda wuta ke kawowa tana ɗaukewa, janareta na karɓa yana saki, ya san layin da ba ya tsayawa a hali ɗaya. Nagios tana riƙe sakamakon bincike 21 na baya-bayan nan, idan ta ga sauyin ya yi yawa sai ta dakatar da kira har abin ya lafa. A ɗaya gefen, ɗaukaka ƙara a Nagios da ƙirgen kira take tafiya, misali a kira shugaban sashe daga kira na uku, kuma ƙirgen yana komawa farko duk sanda layi ya dawo. Haɗa biyun ka ga abin da zai fito. Layin da ke faɗuwa yana tashi yini guda, wanda ya fi kowane azabtar da masu amfani da shi, shi ne labarinsa ba zai kai ga shugaba ba.

Na biyar zagaye ne, kuma yana zuwa da dokokin da ke ɗaukar mataki da kansu. A ranar 23 ga Satumba 2010 Facebook ya tsaya na kimanin awa biyu da rabi. Akwai wani tsari da aka gina don ya gyara kuskuren saiti da kansa: idan ya ga ƙima mara inganci a ma'ajiyar kusa, sai ya tambayi babban rumbu ya ɗauko ingantacciya. A ranar, ƙimar da ke babban rumbun ce aka ga ba ta inganta ba. Kowace na'ura ta ruga tambaya, rumbun ya kasa ɗauka, kuma duk amsar da ta gaza sai a fassara ta da sabon kuskure mai buƙatar sabuwar tambaya. Ko bayan an gyara asalin matsalar zagayen bai tsaya ba, sai da aka kashe shafin ɗungurungum.

Masana sun daɗe da sanin wannan karo na dokoki. Injiniyoyin tarho sun yi fama da shi tun shekarun 1980, sa'ad da hidimomi irin su tura kira da jiran kira suka fara taka ƙafar juna. A 1992 Alexander Aiken da Jennifer Widom da Joseph Hellerstein sun yi nazarin dokokin da ke tashi da kansu a rumbun bayanai, suka tsaya kan tambayoyi masu sauƙin faɗa. Shin jerin dokokin nan tabbas zai tsaya? Shin duk yadda aka jera su sakamako ɗaya za a samu? Duk mai rubuta dokar sa ido ya kamata ya yi wa kansa waɗannan tambayoyi biyu kafin ya danna ajiye.

Shiru iri biyu

Idan dokoki suka yi karo suka haifar da hayaniya, za a gane da wuri, domin wanda aka tasa sau biyar a dare ɗaya zai yi magana da safe. Idan suka haifar da shiru, babu mai kai ƙara. Allon da babu matsala da allon da aka toshe kamarsu ɗaya.

A ranar 14 ga Agusta 2003, jim kaɗan bayan ƙarfe biyu na rana, manhajar ƙararrawa ta ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohio ta Amurka ta maƙale saboda wani lahani a cikinta. Ba ta sanar da cewa ta maƙale ba. Fiye da awa ɗaya ma'aikata suna kallon allo mai natsuwa, alhali manyan layukan wuta suna taɓa bishiyoyi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada sun rasa wuta. A can lahani ne a manhaja, ba karon dokoki ba, amma abin da ma'aikacin ya gani daidai yake da abin da injiniyan GitLab ya gani a akwatin imel ɗinsa, wato ba komai.

Abin da ya kamata a yi

Farko dai a ɗauki jerin dokokin a matsayin doka mai zaman kanta, a ba ta mai ita. Mutum ɗaya ko ƙaramin kwamiti ya riƙe takarda guda da ke nuna hanyar saƙo daga na'ura har zuwa wayar injiniya, da mazhabar kowace manhaja da ke kan hanyar. Duk sabuwar doka ta zo da amsar tambayoyi biyu: me take karantawa, me take sauyawa? Inda abin da wata ke sauyawa ya zama abin da wata ke karantawa, nan ne za a tsaya a duba.

Sannan a cike bayani kafin a tankaɗe, kuma gurabun da ake gane saƙo da su kada a sake taɓa su bayan an kafa su. A fifita dannewa a kan gogewa, kuma kowace doka ta bar sunanta a jikin saƙon da ta taɓa, yadda gobe za a iya tambayar wa ya hana wannan kira a sami amsa. Na san ajiye komai yana cin wuri da kuɗi, musamman inda ake biyan lasisi bisa yawan saƙo. Inda dole sai an zubar, aƙalla a riƙa ƙirga abin da kowace doka ta zubar. Dokar da ta saba zubar da ɗari a yini ta wayi gari tana zubar da dubu hamsin, wannan kansa labari ne.

Kowane shiru ya zama yana da mai shi, da dalili, da lokacin ƙarewa. Alertmanager ba ta karɓar shirun da ba shi da ƙarshe, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau ga duk wata manhaja. Wanda ya gama gyara ya cire shirunsa kafin ya ɗauki jakarsa.

A gwada dokoki a haɗe, ba ɗaya-ɗaya ba. Alertmanager tana da kayan aiki mai suna amtool wanda za ka ba shi lakaban gargaɗi ya faɗa maka inda zai ƙare. Ya kamata kowane ɗakin sa ido ya ajiye saƙonnin wata rana mai wuya da ta taɓa wucewa, ya riƙa sake zuba su a wurin gwaji duk sanda aka sauya doka, a ga ko har yanzu kiran da ya dace yana fita. Dokar da ke ɗaukar mataki da kanta kuma a sa mata iyaka, in ta gwada sau biyu ko uku bai yi ba ta tsaya ta kira mutum.

Mafi muhimmanci, a sa shiru ya kawo shaida. Masu amfani da Prometheus suna da al'adar ajiye gargaɗi guda da ke kunne ko da yaushe, yana bin duk hanyar da sauran ke bi har zuwa wata hidima da ke wajen kamfanin. Ranar da ya daina isowa, waccan hidimar ce za ta yi kira. Da a GitLab tambayar da ake yi ita ce yaushe aka yi kwafi na ƙarshe mai kyau, maimakon jiran imel ɗin faɗuwa, da rashin amsa kansa ya tona matsalar tun kafin ranar buƙata.

Wasu na ganin ƙirƙirarriyar basira za ta ɗauke wannan nauyi, ta riƙa dangantawa da dannewa da kanta. Tana taimakawa wajen gano saƙonnin da ke tafiya tare, ban musa ba. Amma ita ma doka ce da ta shigo layi, tana da gurbi gaban wasu da bayan wasu, kuma ta fi sauran wuyar karantawa. Duk tambayoyin da aka yi wa na baya sai an yi mata. Hanyar da ta fi tabbas ita ce rage yawan dokokin tun daga tushe. Littafin da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 kan tafiyar da manyan tsare-tsare ya karkata ga cewa a tashi mutum kan abin da mai amfani ke ji a jikinsa, kamar kuɗi ba ya fita ko shafi ba ya buɗewa, a bar sauran bayanai don bincike. Idan kiran da ke fita kaɗan ne kuma kowanne na gaske ne, buƙatar dokokin dannewa tana raguwa, mahaɗarsu ma ta ragu.

Mai shagon cirar kuɗi a bakin kasuwa da ke ce wa layin mutane “netwok babu” bai san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji ba. Amma tsawon tsayuwarsa ya rataya ne a kan ko wani injiniya, a wani ɗaki mai nisa, ya ji kira a kan lokaci. Saboda mai shagon nan nake ganin ya dace duk wanda ya karɓi aikin dare, ya tarar da allo fes babu ja, ya buɗe jerin abubuwan da aka danne ya karanta kafin ya zauna. In ya san wanda ya sa kowane shiru da lokacin da zai ƙare, ya sha shayinsa da kwanciyar hankali. In akwai wanda bai san mai shi ba, da shi zai fara aikin daren.